Taswirar Lambu da Masu Zuwa Gaisuwa

Shekarun baya, can lokacin da ake aikin dam ɗin Bakolori, na yi aiki a wani ƙaramin ofishi mai kula da filaye a Talata Mafara. Zanen taswira ne aikina. Ɗan kwas na 'yan watanni kawai na yi, amma in ka ga yadda nake jera biro uku a aljihun gaba, sai ka rantse ni na zana ƙasar nan tun daga teku har iyaka. Mahaifiyata takan ce tun da na fara aikin nan, ko malmalar tuwo aka ajiye mini sai na auna ta da ido kafin in sa hannu.

Garin ya cika ya batse a lokacin. Tifa da katafila suna wucewa safe da yamma, ga Turawan kamfani, ga leburori daga ko'ina, ga ma'aikatan da aka turo ba su da wurin sa haƙarƙari. Ɗakin da a da ba mai kallonsa sai ga shi ana rububinsa. Sai aka yanke shawarar a gina wa ma'aikata kwatas, aka ba wani ɗan kwangila aikin, aka ce ofishinmu ya fitar da fili.

Wata safiya maigidana, wato shugaban ofishin, ya shimfiɗa tsohuwar taswirar gari a kan tebur, ya ɗora yatsa a wani wuri fari fat ta wajen fadama. Ya ce, "Ka ga nan? Babu komai. Je ka ka auno, ka kafa turaku, ka zano mini gidaje ashirin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai lambun En'e ne wurin."

Ya ce, "Lambun wa?"

Muna yara mun sha jifan mangwaron lambun, an sha koro mu, amma ban taɓa tambayar ko na wane ne ba. En'en da ake jingina shi da ita kuma, wato tsohuwar hukumar gargajiya, ta riga ta zama tarihi.

Ya ce, "To ka gani. A takarda fili ne. Tashi ka je."

Na ɗauki tef ɗin awo da damin turaku na ɗaure a bayan keke. Duk hanya tambayar nan tana cina. Ni kuwa haka Allah ya yi ni, in tambaya ta shiga kaina ba na samun sukuni sai na ga ƙarshenta. A gida ma saboda wannan hali ake ce mini ɗan jarida.

Wani tsoho ne yake kula da lambun. Siriri ne, ɗan gajere, kullum ƙafafunsa da laka. Muka gaisa, gaisuwa irin ta manya wadda ba a gaggawa, sannan na ce masa an aiko ni awo. Ya dubi turakun, ya dube ni, ya ce, "Bisimilla." Ya koma ban ruwansa.

Ina cikin jan tef har na kai ƙarshen lambun ta bakin rijiya, wurin da ban taɓa zuwa ba. Nan na ga abin da ya tsayar da ni. Ƙananan dashe ne jere reras a inuwa, wasu a fasassun tukwane, wasu a tsofaffin garewani, wasu a kwanon da ya huje. Mangwaro, gwaiba, lemun tsami, lalle, har da 'ya'yan dabino. Kowanne an ɗaura masa alama: wannan tsumma ja, wancan zaren saƙa, wani kuma marfin kwalba aka huda aka rataya. Na ajiye tef na koma wurin tsohon na ce, "Baba, waɗannan fa? Na sayarwa ne?"

Ya ce, "A'a, ɗiyana. Ajiya ta."

"Ajiyar wa?"

"Mutanen ƙasar Maradun, waɗanda ruwa za shi ci garuruwansu. Inda anka ce su koma tudu ne, ƙasa tauri, ruwa nesa. In sunka dasa yanzu mutuwa za su yi. Shi ne kowa ya kawo ɗan iccen gidansu, in riƙe mai har wuri shi zauna."

Na tambaye shi wa ya sa shi. Ya ce ba kowa. Mutum ɗaya ne ya fara kawowa, ya je ya ba da labari, sai ga su suna ta zuwa. Na ce to yaya yake gane na kowa? Ya yi dariya ya ce shi da alamun ba ruwansa, don masu su aka ɗaura. Shi ganyen kawai yake kallo ya san mai shi.

Ranar kuwa Talata ce, kasuwa na ci. Akwai wata tsohuwa durƙushe gaban wani lemun tsami da bai wuce gwiwata ba, tana zuba masa ruwa da ƙoƙo a hankali kamar mai ba jinjiri. A motar kasuwa ta zo daga wajen Maradun. Ta ce daga lemun da marigayi mijinta ya shuka a tsakar gida ta samo irin. Da ta ga ina buga turke kusa da ita, sai ta ce, "Yaro, mi a wanga?"

Na ce, "Awo ne kawai, Inna."

Ta ce, "Awo kawai. Can ma haka sunka ce muna."

Na dai buga turakun nan duka, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma guduma ta yi mini nauyi a hannu ranar.

Da na koma gida na tambayi mahaifiyata, lambun En'e na wane ne? Ta ce, "Na wa kuwa? Kakanka yana cikin waɗanda suka yi gayyar ɗebo ruwa aka raya dogon yaron da ke bakin hanya. Ni kaina a gindin tsamiyar can muke sauke kaya mu huta in mun taso daga Morai." Washegari na tambayi abokina, wani malamin firamare mutumin kudancin Zariya da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa zaƙi. Ya ce shi dai a saninsa lambun makaranta ne, don can yake kai ɗalibai darasin tsirrai, kuma duk auren da aka ɗaura a cocinsu can ake zuwa ɗaukar hoto. Wani wanzami ya ce mini lambun wanzamai ne, don nan suke samun saiwa da sassaƙe. Wani mai zuma ya nuna mini amyarsa a saman tsamiya ya ce ta ubansa ce ya gada.

Abin ya fara ba ni sha'awa. Kullum in aka tashi daga aiki sai in wuce lambun bayan la'asar da takarda da fensir. Na ce bari in zana wurin yadda yake, ba yadda tsohuwar taswira ta ce ba. Kowace bishiya na sa mata ɗigo, na rubuta irinta, na rubuta wanda ya ce yana da alaƙa da ita. Ba don in ceci komai na fara ba, son sani ne kawai. Sai da na yi mako uku ina wannan aiki. Da na gama, takardar ta yi baƙi da rubutu, har babu inda za ka ɗora yatsa ba ka taɓa wani ba.

Kafin nan labari ya game gari. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci mutane suka taru a lambun. Na je, amma na tsaya can baya, don kowa ya san hannun da ya buga turakun. Samari suka ce a tumɓuke su a ƙone, in katafila ta zo a tare hanya. To lokacin zukata sun yi zafi a kan gonakin da aikin dam ya ci, hukuma kuma ba ta son ganin taro ko na mutum goma ne. Dattawa suka ce ba su yarda a jefa 'ya'yan mutane cikin abin da ba a san ƙarshensa ba. Abokina ya ce a rubuta takardar koke, kowa ya dangwala yatsa. Aka yarda da wannan, kodayake wani mahauci ya ce shi bai taɓa jin takardar da ta tsayar da katafila ba.

Tsohon mai lambu yana zaune kan wani kututture, sai aka tambaye shi. Ya ce, "Ni dai da za ku ji tawa, mu tai mu gaishe shi."

Aka ce, "Wa?"

"Mai ofis. Tun da munka ji maganar ga, akwai wanda ya tai ya gaishe shi?"

Aka yi dariya. Wani saurayi ya ce, "Baba, za a sare maka lambu kana maganar gaisuwa?" Tsohon ya ce, "Ƙwarai. Ran Litinin ni zan tahi. In na hito wani shi shiga. Kowa da lokacinsa. Kada wanda ya yi mai faɗa, kada wanda ya roƙe shi da yawa. Gaisuwa kawai."

Ni kaina na ɗauka tsufa ne. Takardar koken dai aka rubuta, kuma tawadar da aka dangwala yatsu da ita daga ofishinmu ta fito, a cikin aljihuna. Allah ya yafe mini.

Ranar Litinin da safe, maigidana bai gama zama ba sai ga sallama. Tsohon ne da wasu dattawa biyar, kowa ya sa rigarsa ta Juma'a. Suka cire takalma a bakin ƙofa, suka ƙi hawa benci, suka zauna a ƙasa. Maigidana mutum ne mai tarbiyya, ɗan gidan malamai. Ba zai iya zama kan kujera sa'o'in mahaifinsa suna ƙasa ba, dole ya sauko ya durƙusa. Sai aka fara.

"Ranka shi daɗe, an kwana lahiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya iyali? Ya ƙanana? Ya aiki? Ya haƙuri da jama'a? Ya labarin Sakkwato? Tsohuwa tana nan lahiya? Madalla. Ya ƙafar tata?"

Ban san inda suka ji labarin ciwon ƙafar mahaifiyarsa ba. In na farko ya gama, na biyu ya ɗauko daga farko, kamar bai ji amsar da aka ba ɗan'uwansa ba. Da duk shida suka gama, sai aka yi addu'a doguwa. Suna miƙewa tsohon ya ce, "To, gaisuwa ta kawo mu. Sai batun lambu, a duba." Suka sa takalmansu suka tafi. Na dubi agogon bango, sama da awa ɗaya ta wuce.

Maigidana ya karkaɗe gwiwar wandonsa ya ce, "Mutanen kirki." Bai rufe baki ba sai ga wata sallamar. Mahauta ne.

Haka aka yi ta yi. Yau wanzamai, gobe maƙera, jibi malaman makarantar allo. Ranar Talata mutanen Maradun, har da tsohuwa mai lemun tsami, wadda gaisuwarta ta fi ta kowa tsawo don ita sai ta haɗa da tambayar kakanni. Matan cocin su abokina suka zo da zannuwa iri ɗaya, suka gaishe shi da Hausa, suka ƙara da waƙa. Ba mai ɗaga murya. Kowa in zai tashi kalmar nan ce dai: sai batun lambu, a duba.

Ni ina gefe a teburin zane ina kallon ikon Allah. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ba a taɓa yin karo ba, kuma ba a taɓa barin fili ba. Da wasu sun fita, ba za a yi minti goma ba wasu sun shigo. Daga baya na gano wani mai shayi da ke tsallaken titi ne yake tsara su. In ya ga takalma sun ragu a ƙofarmu, sai ya ɗaga wa na gaba hannu.

Aiki ya tsaya cak. Fayil ya taru. Maigidana ya gwada shigowa ta ƙofar baya, ya tarar da tsofaffi uku zaune a inuwar wurin suna jiransa. Ya gwada zuwa da sassafe, ya tarar masu fitowa daga sallar asuba sun riga shi. Ya taɓa ce wa masinja ya ce ba ya nan, suka ce ba komai, za su jira, suka kuwa jira har azahar, dole ya fito daga ɗakin ajiyar takardu yana gumi, aka gaisa.

Ranar da na fi shan wuya ita ce ranar tsofaffin matan unguwarmu. Na ɗaga kai sai na ga mahaifiyata a gaba, ta yafa mayafinta na zuwa biki. Ko da safen nan tare muka sha koko, ba ta ce mini komai ba. Na sunkuya bayan allon zane kamar ina neman fensir. Ta gaishe da maigidana tsaf, sannan ta ƙara da cewa, "Ya haƙuri da yaron nan namu? In ya yi ba daidai ba a tsawata mai." Bayan sun fita maigidana ya ce, "Fito, na ga ƙafarka. Har da mahaifiyarka?" Na ce wallahi ban sani ba. Ya yi mini wani kallo da ya sa na fara tunanin ina zan nemi aiki in an kore ni.

Duk da haka, da aka ce in haɗa fayil ɗin kwatas za a aika Sakkwato a sa hannu, sai na naɗe taswirata ta bishiyoyi na sa a saman zanen gidajen. Na ɗaure fayil ɗin na ajiye a teburinsa.

Ɗan kwangilar bai jira sa hannu ba. Wata safiya ya kawo katafila, kafin mutane su ankara ta kwashe shingen bakin hanya da layin gwaiba da manyan mangwaro guda huɗu. Na je na gani. Ƙamshin ɗanyen itace ya cika wurin, tsohon yana tsaye riƙe da garwar ban ruwa, ya kasa ajiye ta. Samari suka taso a fusace, dattawa suka sha gabansu da ƙyar. Abin da aka yi shi ne aka zagaye katafilar aka shiga gaishe da direbanta. Bawan Allah baƙo ne, bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya kashe injin don ya ji abin da ake ce masa, bai kuma sake tayar da shi ba ranar.

Kwana biyu bayan haka maigidana ya tafi Sakkwato da kansa. Da ya dawo aka ce an sauya shawara. Inda katafila ta riga ta share za a gina gidaje shida, sauran kuma a kai su wani tudu a hanyar Bakura. Lambun ya rasa gabansa, amma rijiya da tsamiya da dashen mutanen Maradun duk suka tsira. A satin ne kuma aka miƙo mini takardar canjin wurin aiki zuwa Bakura, ba tare da an faɗi dalili ba.

Ni kuwa na haɗa biyu da biyu na ba kaina amsa: manya sun ga taswirata, jikinsu ya yi sanyi, shi ya sa aka fasa, ni kuma aka hukunta ni don na yi shisshigi. Shekara da shekaru ina ba da labarin a haka. Matata ta ji shi har ta haddace. 'Ya'yana in na ce "lokacin da na zana lambu" sai su fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai da na yi furfura na sake haɗuwa da maigidana, a wurin wani ɗaurin aure a Gusau. Ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Bayan mun gaisa na zauna kusa da shi na ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da na daɗe ina son ji. Me manyan Sakkwato suka ce da suka ga taswirata?"

Ya ce, "Wace taswira?" Can ya tuna, ya yi dariya har da tari. "Au, mai ɗige-ɗigen nan? Ai ba su gan ta ba. Tun a ofis na cire ta."

Na ce, "Ka cire ta?"

"Da sunanka a ƙasa ɓaro-ɓaro? A wancan lokacin? Da ba canjin wuri za ka samu ba, kora ce, in ma an tsaya a nan. Bakura kuwa ni na nema maka, don ɗan kwangilar ya ji labarin mai kai wa mutane tawada."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce to me ya sa aka fasa?

Ya ce, "Ni na je na ce musu ko su sauya fili ko su sauya ni. Na ce mutanen nan sun fi wata guda suna gaishe ni, ba wanda ya zage ni, ba wanda ya yi mini tsawa, ba ni da laifin da zan rubuta a kansu, kuma ba ni da fuskar da zan kalle su. Da faɗa suka zo da shi, na san abin da doka ta ce in yi. Wannan kuwa ba a koya mana ba." Sannan ya ce, "Taswirar taka dai na karanta ta a gida, har ƙarshe. Ka yi aiki."

Na dawo gida na gaya wa matata. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce a kira yara a faɗa musu su ma su huta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga baya ba kunyar ba ce. Na bi wanzami da mai zuma da tsohuwa daga Maradun, na tambayi kowa komai, har na san wace bishiya ce ke fara fure. Amma mutumin da teburinsa ke taku huɗu da nawa, ban taɓa tambayarsa yaya yake ji ba. Na riga na yanke cewa shi ne abokin gabar, sai na daina son sani a kansa. Tsohon mai lambu, wanda bai iya riƙe fensir ba, shi ya gane cewa a cikin ofishin nan mutum ne yake zaune, mai uwa da ciwon ƙafa, mai jin nauyin manya.

Tsohon ya daɗe da rasuwa, maigidana ma ya bi shi bara waccan. Na je ta'aziyya na zauna cikin mutane. Da aka zo kaina in faɗi yadda muke da mamacin, sai na ji na ce, "Ya taɓa rufa mini asiri, shekara talatin ina jin haushinsa."